Bangon gidan Janar yana tsagewa, an ce in yi shiru

Yaya Menuka,

Ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Mu ne masu gadin tsohon gidan marigayi Janar da ke ƙauyenmu, a tsaunukan yankin Falfa. Kakan kakana ne mai riƙe masa doki. Yanzu babana ya tsufa, makullai sun dawo hannuna. Ni ke share ɗakin takubba, ni ke zagayawa da baƙi masu zuwa kallon gidan.

Tun girgizar ƙasar nan bangon bene ya tsage. Bara tsinken tsintsiya ne kawai ke shiga. Jiya na tura hannuna har wuyan hannu. Kullum sai na kwashe garin ƙasa a ƙarƙashin babbar azara. In mota ta wuce, hoton Janar sai ya yi ta kaɗawa.

Na kira magajin gidan, Maigida Tirtha, a Katmandu, babban birnin ƙasarmu. Dariya ya yi, wai gidan da ya shekara ɗari da sittin ba zai rushe don tsoron mace ba. Ya ce in sa a shafe wurin da farar ƙasa, in kuma na kai magana waje in nemi wani wurin zama. Babana ya goyi bayansa, ya ce danginmu ba su taɓa kunyata gidan Janar ba. A ƙarƙashin bangon nan yake kwana, ya ƙi tashi.

Damina saura sati uku. Ran Juma'a 'yan makaranta sittin za su hau benen nan. Ya zan yi?

Mai riƙe da makulli

Ƙanwata,

Tsoronki yana da dalili. Yau ɗin nan ki kulle bene, ki aika wa shugaban makarantar cewa a ɗaga ziyarar. Wannan ba sai kin nemi izinin kowa ba.

Maigida Tirtha bai ga abin da kika gani ba, wataƙila kuma yana tsoron hukuma ta rufe gidan. Ki ɗauki hoton hannunki cikin tsagar ki tura masa, ki ba shi kwana uku. In ya yi shiru, ki kira injiniyan ƙaramar hukuma.

Babanki kuwa, kada ki yi musu da shi. Shekarunsa duka ya ba gidan nan. Ki ce masa kina bukatarsa a ɗakin ƙofa don tarbar baƙi, ki kai shimfiɗarsa can.

Ba zan ɓoye miki ba, ana iya korarku. Za ku sami wani ɗakin. Amma in bene ya rufta da yaran mutane, ke ce kika buɗe musu ƙofa.

Ina yi muku fatan ganin ƙarshen damina lafiya, ke da Baba.

Yaya Menuka