Saniyar da ke cikin hoton

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Ya jikin Baba? Mu nan Ridina lafiya lau.

Na gabatar da bincikena kan kaskar shanu, amma kaina ya ɗaure. Malamina ya sa na rage lissafi, na buɗe jawabin da hoton wata saniya mai ƙuraje da na ɗauka a unguwar Farcha, kusa da mayanka. Faransancina bai yi gardama ba. Da na gama, babban farfesa ya yi tambaya ɗaya tak: "To, saniyar ta warke?"

Yaya, wallahi ban sani ba! Zolaya ce, ko na faɗi ne?

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. Gobe zan koma Farcha nemanta. Allah ya sa mahauta ba su riga ni ba.

Ƙanwarki,
Zainabu