Sharhin da Malam Ya Ɓoye

Da sunan Allah, Masanin ɓoye da bayyane. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da ɗalibanki na jami'a. Ƙafata da sauƙi.

Kin san sharhin fiƙihun da marigayi malamina ya yi mini shifta bayan idanunsa sun tafi, ya hana ni fitar da shi yana raye don tsoron riya. Na kai wa 'ya'yansa domin a buga da sunansa. Babbansu ya juya takardun, ya ce rubutun hannuna ne, kuma bai taɓa jin mahaifinsu ya ambaci wani littafi ba. Duka biyun gaskiya ne.

Sai na tuna kalmar da kika taɓa bayyana mini, har na yi miki dariyar karatun arna: apokirifa. Kin ce Latin ta aro ta daga Girkanci, tushenta ɓoyewa, kuma daga tushen aka samo sunan ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda ake binne manya. Da farko tana nufin rubutun da aka adana, daga baya ta koma nufin wanda ake shakkar mai shi. Yau ba na dariya.

Saura shaida ɗaya: matar Malam, wadda takan zauna bayan labule tana ɗinki muna aiki. Tana kwance. Ki sa ta a addu'a.

Mahaifinki.

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina sanar da ke rasuwar matar Malam. Na je dubiya, ta gane muryata, amma harshenta ya riga ya yi nauyi. Allah ya jiƙanta.

Mai maɗaba'a, cikin tausayi, ya ce in sa sunana a huta. Ba zan haɗu da Malam a lahira sanye da rigarsa ba. 'Ya'yan kuma ba zan la'ance su ba. Ni na koya musu kada su karɓi magana ba tare da shaida ba.

Na mayar da takardun akwati. Ki zo hutun nan in karanta miki sharhin baki da baki, har wuraren da Malam yakan tsaya ya yi tari, domin ko mutum ɗaya ya iya cewa: na ji daga mahaifina, shi kuma daga malaminsa. Kada ki jinkirta, numfashina ya fara gajarta.

Allah ya yi miki albarka, ya sa a gaskata ki.

Mahaifinki.