Usta, Ba Ustaz Ba

Zuwa ga maigidana, Baban Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ta dace da kai, ina roƙon Allah ya sa makwancinka ya fi tsakar gidanmu ta Madani faɗi da sanyi. Mu nan unguwar Hadayik Ma'adi a Alƙahira muna lafiya, ni da Ummi da Safiya. Na fita takaba tuni. Kewarka ce dai ba ta san an fita ba.

Ba zan tsaya kwana-kwana ba, ka san halina. Na saɓa maka. A wannan hutun makarantar na kwashi 'ya'yanka na kai su yawon buɗe ido Hulwan, har ƙofar wurin aikinka, kuma wallahi ban yi da-na-sani ba. Na rubuta wasiƙar a nan inda kowa zai karanta da gangan, don tun ranar ake ta yi da ni a waya daga unguwar Faisal har ta Dokki. Gara su ji daga bakina.

Shekara goma sha shida kana koyar da lissafi a Madani. Ko mai kayan miya a kasuwa Ustaz yake ce maka. Da yaƙi ya koro mu Alƙahira, takardunka suka zama na ajiya a ƙasan akwati. Ka sha yawon neman makarantar da za ta ɗauke ka har takalminka ya buɗe baki. Daga ƙarshe ka samu aiki a wata warsha a Hulwan, inda ake feƙe ƙarfe ana yi wa manyan masana'antu kayan gyara.

Ranar da za ka fara ka zaunar da ni ka ce, "Rabi, yaran nan sun rasa gida, sun rasa ƙawaye. Kada su rasa ubansu malami." Na ce to. Kullum ka fita da farar riga da jakar hannu, ka dawo da farar riga da jakar hannu. Ummi ce ma take wanke maka rigar ta goge, tana cewa malami ba ya shiga aji a yamutse. Shekara biyu muna haka.

Ka tuna in abokan aikinka suka kira waya kana banɗaki, ita take ɗauka? Su ce, "Usta yana nan?" Ta gyara musu da ƙarfi, "Ustaz!" In ta ajiye ta ce, "Inna, Masarawan nan ragwaye ne, ko kalma ba sa iya ƙarasawa." Kai ka yi dariya, ni na yi dariya. Alhali su ba su haɗiye komai ba. Usta suke nufi, sunan da ake ba gwanin aikin hannu, makaniki ko kafinta ko mai ƙarfe. Ta san kalmar sarai. Bai dai taɓa zuwa mata a rai cewa za a iya liƙa wa ubanta ita ba.

Da na riƙe maka alƙawarinka har in tarar da kai. Abin da ya warware ni ƙarami ne. Wata rana ina yankan albasa na jiyo Ummi a waya, suna gulmar wata yarinya 'yar ajinsu. Sai ta ce, "Me take wa mutane yanga? Ubanta fa usta ne kawai, hannunsa duk baƙin mai." Ta ja tsaki. Baban Ummi, wuƙar ta kusa yanka ni. 'Yarka ce, shekararta goma sha huɗu, take raina hannun da ya ciyar da ita ba ta sani ba. Kuma mu muka koya mata.

Ana cikin haka Yaya Haruna ya zo daga Dokki da motar ofishin da yake tuƙawa, ya ce zai kai yara ganin dala su ɗan sha iska. Na yi godiya, na ce ni Hulwan zan kai su. Ka so ka ga fuskar yayanka. "Hulwan? Me aka ajiye a Hulwan in ban da hayaƙi da siminti? Mutane na zuwa daga bangon duniya ganin dala, ke za ki kai marayu ganin bututu?" Da ya gane inda na dosa sai ya rage murya ya ce, "Rabi, ki ji tsoron Allah, ki rufa wa mamaci asiri."

Asiri! Na ce, "Yaya, wane asiri? Sata ya yi, ko cin amana?" Ban taɓa ɗaga masa murya ba tun da aka kawo ni gidanku, amma ranar na ɗaga. Ya tashi bai ƙarasa shayinsa ba.

Ranar Asabar na dafa ƙwai, na soya ta'amiya mai kama da ƙosai, na cika gora da ruwa, na ce yalla. Muka shiga jirgin ƙasa na metro, taragon mata. Shekara biyu kana bin layin nan safe da yamma, ni ban taɓa wuce tashar Ma'adi ba. Da muka zo tashar Tura, manyan bututun masana'anta suka fara bayyana ta taga, Safiya ta hau ƙirga su da yatsa. Ita fa duk zatonta garin halawa za mu, tunda sunan ya yi kama. Ta tambaye ni ko a can ake yin wadda kake kawo mata ran Alhamis. Na ce mu dai je.

To, masu cewa babu abin gani a Hulwan, ku saurara. Ƙarya kuke yi, ko kuma ba ku taɓa sauka ba. Daga tashar ƙarshe da ƙafa muka taka zuwa Lambun Japan, ko gumi ba mu yi ba. Ga itatuwa manya masu inuwa, ga 'yan rumfuna masu lanƙwasasshen rufi, ga ƙananan gadoji, ga lilo. Babu mai bin ka da raƙumi yana cewa sai ka hau, babu mai ganin baƙar fata ya ninka maka kuɗin ruwa. Iyalan ma'aikata ne zalla, kowa da tabarmarsa da tukunyarsa.

Akwai gumaka a jere zaune sun naɗe ƙafa. Na san za a ce Rabi ta kai marayu wurin gumaka, an ma riga an faɗa. Kallo muka yi, ba sujada ba, kuma waɗanda ke wurin dala ban ji an ce sun musulunta ba. Safiya ta tsaya ta ƙare musu kallo ta ce, "Inna, waɗannan tun yaushe suke zaune, ƙafarsu ba ta sage ba?" Wata Bamasariya a tabarmar kusa da mu ta tambayi me ta ce, na fassara mata, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta miƙo mana faranti cike da mahshi, shinkafa naɗe a ganye, ta ce mijinta ma a masana'antar ƙarfe ya tsufa. Haka ta faɗa, kai tsaye, ko muryarta ba ta rage ba.

Ummi ta hau lilo. Rabon da in ji dariyarta irin haka tun kana da rai. Na zauna ina kallonta, zuciyata na cewa bari, Rabi, khalas, an yi yawo, ku juya gida, kada ki ɓata mata rana. Na ji tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Tsorona kada in kai ta can ta dube ka da idon da ta dubi uban waccan yarinyar, in zama na raba ta da kai har abada da hannuna.

Bayan azahar muka sha ruwan rake a bakin titi, na tare tuktuk, keken nan mai ƙafa uku. Ummi ta ce, "Makarantar Baba za mu?" Na ce, "Wurin aikinsa za mu."

Layin duk ƙarar inji ne da warin mai. Tana ta waige-waigen inda allon makaranta yake. Wani dattijo mai shayi a bakin wata babbar ƙofar ƙarfe ya ɗago kai, ya dube ta, ya ajiye butarsa. Ammu Sayyid ne, wanda kake ba ni labarinsa. Ya dafe ƙirji ya ce, "La ilaha illallah, 'yar Usta!" Ai ka san duk inda ta shiga da fuskarka take shiga. Ta buɗe baki za ta gyara masa kamar kullum. Na damƙe hannunta na ce, "Daidai ya faɗa."

Ya shiga ciki ya yi kira. Ɗaya bayan ɗaya aka kashe injunan. Maza manya suka fito suna goge hannu a tsumma, suna yi mana ta'aziyya kamar jiya ka rasu. Mai warshar, wani Alhaji mai sanda, ya ce wa Ummi, "Yarinya, nan wurin mutum sai ya yi furfura ba a ce masa usta ba. Ubanki ya zo yana ɗaukar ƙarfe a kafaɗa. Kafin shekara ta zagayo, duk aikin da ya gagare mu gabansa muke kaiwa."

Suka nuna mana injinka. A bangon bayansa akwai lissafi da alli, layi-layi, babu wanda ya goge. Ba sai an gaya wa Ummi rubutun waye ba, tana da irinsa a littattafanta. Wani mai gemu fari-fari ya ce kai ka koya masa raba awo a lokacin shan shayi, shi da ya yi shekara talatin yana yi da ido. Ashe ko a nan ba ka bar halinka ba, malam.

A jikin ƙusa kusa da injin ga rigar aikinka rataye, shuɗiya, ta yi baƙi da mai, gwiwar hannu a yage. Ammu Sayyid ya ce sun kasa cire ta. Ya ce kullum da yamma sai ka wanke hannu da sabulu sau uku a famfon baya, ka sa turare, ka sa farar riga, kana cewa kada yara su ji wari. Ummi ta miƙa hannu ta ciro rigar, ta naɗe, ta rungume.

Haka muka dawo. Tasha bayan tasha ba ta dube ni ba. Safiya ta yi barci a cinyata da ledar halawar da mai shayin ya saya mata. Ni kuma ina ta istigfari, ina cewa shike nan, Yaya Haruna ya yi gaskiya, na kashe maka martaba a idon 'yarka.

Da safe na tarar da ita a banɗaki durƙushe gaban baho. Ruwa na huɗu ke nan tana sakewa, man ya ƙi fita, yatsunta sun yi ja. Na ce, "Ummi, ma'alesh, ki yafe mana." Ta ɗago ido jawur ta ce, "Inna, shekara biyu kuka bar ni ina goge rigar da ba ta yi aikin komai ba. Wannan fa? Wa yake wanke masa wannan?" Kai kake wankewa da kanka a famfon baya, kai da ko hankici ban taɓa bari ka wanke ba a Madani. Muka zauna a ƙasan banɗakin muka yi kukan da ba mu yi ba ranar jana'izarka.

Ka ga kuskurenka, Baban Ummi? Na faɗa da babbar murya, kuskure ne, kuma da ni aka yi shi. Ka ɗauka farar rigar take so. Kai take so. Na san don tausayinsu ka yi, na san abin da ka haɗiye kullum a cikin jirgin nan, shi ya sa ban iya yin fushi da kai ya kai yamma. Amma da ka bari sun gan ka a gaban injin nan ko sau ɗaya.

Ta shanya rigar a igiyar baranda ta gefen titi, ba ta baya ba inda muke shanya tsummokara. Bayan kwana uku Yaya Haruna ya zo, tun daga ƙasa ya hango ta. Ya hawo yana huci ya ce a sauke abin nan, jama'armu na wucewa ta layin. Kafin in yi magana Ummi ta gaishe shi har ƙasa, ta ce, "Baffa, ba ta bushe ba." Ya taɓa, ya ji ta bushe ƙarau. Ya dube ta, ta dube shi. Yau kwana goma sha tara ke nan, duk wanda ya tambaya amsar ɗaya ce, ba ta bushe ba.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka. Allah ya sanya kowane gumi da ka zubar a garin nan a mizaninka, ya hutar da hannuwanka. Ya raya mana yaran nan a kan gaskiya, ya haɗa mu a inda babu gudun hijira. Alƙawarin da na karya kuwa, in mun haɗu ka yi mini faɗa, zan saurara, amma ba zan ba da haƙuri ba.

Taka har kullum,
Rabi, matar Usta,
Hadayik Ma'adi, Alƙahira.