Ƙwayoyin da Ban Sha Ba

Litinin, 4 ga Maris 1991, Malbaza
Kwana goma sha tara da haihuwa. Gwaggo Delu da ke yi mani wankan jego, ko zaure ba ta bari in leƙa. Maigidana Alkasum yana hanyar Yamai da lodin siminti.

Da hantsi na tarar da ɗiyata Shatu a bayan gado, baki ja wur, gwangwani a cinya. Ƙwayoyin ƙarin jini ne da ake ba ni tun ina da ciki. Tashin zuciya suke sa ni, na yi ta ɓoyewa ina ce wa ungozoma na shanye. Ɗiyar shekara biyu, alewa ta gani.

Amai har da jini, zawo baƙi ƙirin. Gwaggo ta ɗura mata nonon shanu. Majo Tanimun, babban ma'aikacin jinya na gidan likita, ya zo, ya ce nawa ta sha? Na ce uku. Allah ya yafe mani.

Talata, 5
Amai ya tsaya, har ta sha kunu. Gwaggo sai guɗa: "Kin gani? Nono ne!" Ni kuwa na zazzage gwangwanin. Tarin wata huɗu, goma sha ɗaya suka rage.

Majo ya dawo, na faɗi gaskiya a gaban Gwaggo. Ya ce, "Madam, wagga lahiya ƙarya ce. Sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙwayoyin ya shiga jini, hanta zai ci. A kai ta asibitin Konni, yanzu!" Gwaggo ta saɓi Shatu, ta ce mai jego ba ta fita. Na zauna. Ni, malamar lakwal mai koyar da yara, kamar akuya a turke.

Laraba, 6
Ba labari. Ɗakin nan ya ishe ni.

Alhamis, 7
Saƙo ya zo. Shatu ta galabaita, an sa mata ƙarin ruwa da maganin da ke janye ƙarfen, fitsarinta ya koma ja. Ni take kira. Wayyo ɗiyata.

Juma'a, 8, Konni
Na goya jariri na tari mota. Ban tambayi kowa ba.

Idanun Shatu sun yi ruwan ɗorawa, amma ta gane ni, ta riƙe yatsana. Likita ya ce fitsarin ya fara washewa, hanta kuwa sai an ga kwana biyu. Gwaggo ta dube ni, ta matsa mani a tabarma.

Gobe Alkasum zai iso. Gwaggo ta ce a ce mishi yarinya ce ta yi ɓarna, shi ke nan. Na ce a'a, Gwaggo, ni zan gaya mishi yadda ƙwayoyin suka taru.