Wa Ya Ji Muryar Mamuda?

Dutsin-Ma, 11 ga Maris, 1962

Zuwa ga ƙanena Mamuda, wakilinmu a Majalisa, Kaduna.

Gaisuwa mai yawa, da fatan an yi sallah lafiya. Bayan haka, ranar kasuwar Kurfi dattawan Barkiya suka tare ni a rumfar masu goro, Malam Labaran ne a gaba. Sun ji a rediyo za a kawo dokar faɗaɗa gandun daji, an kuma ce gonakin da ke gabas da garinmu suna ciki. Ya ce, "Malam Sa'idu, kai ka kawo mana Mamuda, ka ce ɗan gida ne. To, ga ranar ɗan gida ta zo."

Ka san halina, ba na ajiye jarida sai na tsince ta tsaf. Tun shigarka Majalisa nake bin sawunka. Ka yi magana a kan hanyar Kurfi, ka yi a kan rijiyoyi, na ji daɗi. Amma ban taɓa ganin inda jam'iyya ta yi gabas ka yi yamma ba. Wataƙila ni ne ban gane aikin ba; malamin firamare bai san zaman Kaduna ba. Duk da haka na ce masu za ka ƙi dokar. Ban sani ba ko na yi azarɓaɓi.

Inno na gaishe ka. Ta ce an gaya mata ka yi tumbi.

Haza wasalam. Yayanka, Sa'idu.

Kaduna, 28 ga Maris

Yaya, ina gaisuwa tare da girmamawa.

Doka ta wuce, amma ba da ni ba. Ku a can kuna zaton kiran suna ake yi kamar na 'yan ajinka. Shugaban Majalisa ne ke tambaya, masu so su ce e gaba ɗaya, masu ƙi su ce a'a, shi kuma ya kasa kunne ya ji inda amo ya fi. Ni na ce a'a. Sai dai murya guda cikin ɗakin da ya cika da manyan riguna, wa zai ji ta?

Ka ce wa tsofaffin nan su kwantar da hankali, ƙasar Allah da faɗi take. Baba Labaran kuwa tun muna yara yake hango gobara ba hayaƙi. Ga atamfa nan na aiko wa Inno. Tumbin kuwa, ka ce mata ƙoƙarin surukarta ne.

Naka, Mamuda.

Dutsin-Ma, 15 ga Afrilu

Zuwa ga Mamuda. Gaisuwa da fatan alheri.

Jiya na dawo daga Barkiya. Malaman daji sun riga sun kafa turakun iyaka. Layin ya tashi daga tsamiyar bakin rafi ya miƙe sak, ya haɗiye gonar Malam Labaran da ta kusan kowa a unguwar gabas. Da ya iso gonar mahaifinmu sai ya karkace, ya kewaye ta, ya bar ta a waje, sannan ya koma miƙewarsa. Na bi shi da ƙafa, na sake bi, ina cewa ko idona ne.

Ba wanda ya zage ni, kuma abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. In na yi sallama a amsa a taƙaice, a ci gaba da kallon ƙasa. Ga lokacin sharar gona, amma samari na zaune a gindin bango suna wasa gatura. Mata sun daina shiga ɗibar wuta wurin Inno. An yi suna a maƙwabta, ko goro ba a kai mata ba. Shekaranjiya da safe ta tarar da turke guda an tuge shi an ajiye mata a bakin ƙofa. Ta ce mani, "Su yi ta yi. Mamudana ba ya cin amana." Ka san rufin ɗakinta da rumbunanta duk ciyawa ne, ga rani.

Akwai wani malami a nan da ya taɓa yin akawu a Kaduna. Ya ce in wakili na son a san ƙinsa, miƙewa yake ya nemi a ƙirga, a rubuta sunaye. Ba ka gaya mani wannan ba. Na ce wa kaina ƙila akwai dalili. Har yanzu ina neman dalilin.

Ga abin da dattawa suka yanke. Malam Labaran ya ce, "Ba mu son fitina. Juma'a ta sama, in an sauko masallaci, ka dafa Alƙur'ani ka ce ƙanenka ya ce a'a. In ka rantse mun bar wa Allah, mu za mu riƙe samari. In ka ƙi, hannunmu ya gaji."

Na ce, "Baba, ai ba na wurin."

Ya ce, "Ranar da ka ce mu jefa mashi ƙuri'a, a cikin cikinshi kake?"

Mamuda, ban taɓa dafa Littafi a kan abin da ban gani ba. Amma a kan maganarka zan dafa, in ka sake faɗa mani ita, kana sane da inda zan kai ta. Ka rubuto da gaggawa.

Allah ya tsare mu. Yayanka, Sa'idu.

Kaduna, 22 ga Afrilu

Yaya, ina gaisuwa.

Na ba Ɗanjuma direba wannan a hannu, gudun jinkirin gidan waya. Motarsa za ta jira ka a Kurfi ranar Laraba. Ka ɗauko Inno da abin da zai ɗauku. In ta ƙi, ka ce mata ba ni da lafiya.

Kada ka rantse.

Ƙanenka, Mamuda.