Na Daina Cin Nama, Baba Ya Daina Zuwa

Anti, don Allah ki taimake ni. Abin nan ya tsaya mini a rai, kuma duk wanda na fara ba labarin sai ya yi dariya.

Ni tela ce, ina zaune ni kaɗai a ɗakin da ke saman shagona. Tun safe ina kan keken ɗinki har yamma, ga ni da son maiƙo, ba zan ɓoye ba. Haka jiki ya yi ta buɗewa, har ta kai in almakashi ya faɗi sai na dafa tebur kafin in ɗago. 'Yar matakalar ɗakina ma sai na huta a tsakiya ina haki. Da na je asibiti likita ta ce jinina ya hau, gwiwoyina kuma sun gaji da ɗaukata, lallai in rage ƙiba. Ita dai ba ta ce in bar nama ba. Ni ce na san halina, ban iya cin kaɗan ba, in na ɗanɗana yanka ɗaya sai na ga ƙarshen tukunya. Shi ya sa na bar nama da kifi da ƙwai da madara gaba ɗaya, na koma wake da ganye da gyaɗa da 'ya'yan itace. Na sha wuya da farko, ƙamshin girkin maƙwabta ma har ƙwalla yake sa ni. Amma yanzu alhamdulillahi, da hannuna nake rage wa rigunana faɗi.

To, ga inda matsalar take. Babana mahauci ne. Shi ya raine mu ni da yayana bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma ba mai magana ba ne ko kaɗan. Ranar da na buɗe shago ma, abin da kawai ya ce shi ne sakatar ƙofar ba ta da ƙwari. Amma akwai wata tsoka mai taushi a jikin ƙashin baya wadda ba ya sayarwa, ko wa ya roƙa. Tawa ce tun ina ƙarama. Duk ƙarshen mako sai ya naɗe ta a takarda, ya ɗaure da zare, ya rataya a kan kekensa ya kawo mini. Ya zauna a bencin shago, ya sha ruwa, ya tambaya ko keken ɗinkina yana bukatar mai, ya tashi. Iyakar hirarmu ke nan, kuma wallahi ta ishe ni.

Anti, na kasa gaya masa. Sai in karɓa da hannu biyu, in yi godiya, har in ce na makon jiya ya yi daɗi. Yana tafiya in miƙa wa maƙwabciyata mai 'ya'ya da yawa, don in ya kwana a ɗakina na san ba zan iya haƙuri ba. Da ya ga ina ramewa sai hankalinsa ya tashi, ya ɗauka rashin lafiya ce. Bai tambaye ni ba, sai ƙunshin ya ƙara nauyi, har da hanta a ciki.

Rannan ina saukowa daga matakala, maƙwabciyar ta tare shi a bakin ƙofa. Baiwar Allah, da zuciya ɗaya ta yi ta zuba masa godiya, wai tun da 'yarsa ta daina cin nama yaranta suke ta yin kumatu. Baba ya ɗago ya dube ni. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi! Ya kwance ƙunshin daga keke, ya miƙa mata da kansa, ya goge hannunsa a jikin riga, ya juya. Ko ruwan bai sha ba.

Tun daga ranar bai sake zuwa ba. In na kira sai ya ce lafiya lau, ya ajiye. Yayana da suke aiki tare ya ce har yanzu duk ƙarshen mako Baba yana cire tsokar, ya naɗe, ya tsaya yana kallonta, sannan ya warware ya mayar cikin na sayarwa. Shi yayan cewa ya yi in ci kawai a huta, ina aka taɓa ganin 'yar mahauci ta koma akuya. Ni kuwa ina tsoron komawa inda na fito, kuma ina kewar babana kamar in mutu. Bencin nan ko kallonsa ba na iya yi. Ya zan yi?

'Yar mahauci

Ƙanwata, share hawayenki ki saurare ni.

Kin yi daidai da kika kula da lafiyarki, kada akuyar yayanki ta dame ki. Sai dai ki koma wajen likitarki ki gaya mata duk abin da kika bari, don akwai abubuwan gina jiki da wanda ya bar nama da ƙwai da madara yake iya rasawa, ta duba jininki ta gaya miki abin da za ki ƙara. Ko za ki riƙa taɓa nama jefi-jefi nan gaba, wannan tsakaninki da ita ne. Amma kada ki ci don lallashi, domin ranar da gwiwa ta sake kama ki, haushin Baba za ki ji.

Yanzu ki dubi nasa ɓangaren. Ba wake da ganye ne suka ɓata masa rai ba. Mutumin nan ya yi ta zullumi yana ganin 'yarsa tana ramewa, yana ƙara hanta, ashe kowa ya san dalili ban da shi, kuma a bakin ƙofa ya ji. Ga shi ƙunshin nan shi ne bakinsa. Yanzu da ya san ba kya ci, ya rasa da me zai yi miki magana, ya rasa dalilin da zai hau keke.

Ki bar kiran waya. Ki je rumfarsa da yamma idan ciniki ya lafa, ki ba shi haƙuri kan ɓoyewar, ba kan barin naman ba. Ki gaya masa maganar hawan jinin da matakalar, ki ce tsoron ɓata masa rai ne ya rufe miki baki. Kada ki jira doguwar amsa, kin san mutuminki.

Sannan ki ba shi aiki. Ki ce ke ba ki iya zaɓen kabeji da kabewa ba, 'yan kasuwa suna ta haɗa ki da marasa kyau, shi kuwa ya san kasuwa ciki da waje. Ki roƙe shi ya riƙa zaɓo miki duk ƙarshen mako. Zai ɓata fuska, wataƙila ya ce shi ba mai sayar da ganye ba ne. Ki ƙyale shi ya yi mitarsa. Mutumin da har yau yake naɗe takarda yana warwarewa, abin da zai sa a ciki kawai yake nema.

Ki goge bencin, ki ajiye ruwa mai sanyi. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa ki sake jin tsayuwar kekensa a ƙofarki.