Takarda a Ƙarƙashin Faifai

Litinin, 4 ga Rajab 1347

'Yata Luba ta kawo mini ragowar takardun yayanta, ta ce tunda na iya ajami in daina wanke allo kullum. To, ga ni. Hannuna bai miƙe ba tukuna. Sai da na haura arba'in, cikin takabar Malam, Malama Aishatu ta fara riƙa mini alƙalami.

Zancen ɗana ne ya zaunar da ni rubutun nan. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuwa a takarda zan fara ba. Ya gama babbar makaranta a Katsina, ya koyar shekara biyu, na ce an huta. Ashe akwai wani karatun a bayan karatu. Wani Bature mai lofe ya zo Gusau yana nazarin masu cikon ƙasa na hanyar jirgin ƙasa, ya ɗauke shi ɗalibi. Wai ilimin halin ma'aikata: me ke gajiyar da mutum, me ke sa ya yi aiki da zuciya ɗaya, me ke sa ya gudu. An ba shi mutum casa'in ya tsara su yadda ya ga dama, har zuwa ganin watan azumi. In aiki ya ƙaru, a tafi da shi Ikko shekara uku. In bai ƙaru ba, ya koma ajinsa.

Ikko. An ce ruwa ne ya kewaye ta.

Laraba, 6 ga Rajab

Ya fita da agogo da littafi. Bai taɓa ɗumamen ba.

Asabar, 9 ga Rajab

Ƙanena Jatau ya shigo bayan la'asar, ƙura har gira. Shi ne helima, wato shugaban leburori, na mutanen Bungudu a wurin aikin. Ko ruwa bai sha ba ya ce, "Yaya, mi munka yi wa ɗan nan naki?"

Ga abin da na fahimta. Da can kowane gari da layinsa: 'yan Bungudu, 'yan Tsafe, 'yan Kwatarkwashi. Ana miƙa kwandon ƙasa hannu da hannu daga rami zuwa tudu, Sabiru makaɗi yana gefe da gangarsa. Shi kuwa ya kwana uku yana auna kowa da agogo, sannan ya wargaza layukan. Ƙarfafa wuri guda, tsaka-tsaki wuri guda, marasa ƙarfi wuri guda, ko daga wane gari mutum ya fito. Ya kuma sallami Sabiru, wai ba ya ɗaukar kwando, kuma mutane suna tsayawa amsa kirari.

Jatau ya faɗa cikin tsaka-tsaki. Ina jin wannan ne ya fi ci masa rai, don sau huɗu ya maimaita.

Na ce ai kai kawunsa ne, ka faɗa masa. Ya ce ya faɗa, yaron ya rusuna da ladabi, ya buɗe littafi ya nuna masa lamba.

Talata, 19 ga Rajab

Luba ta ce ƙasa ba ta ƙaru ba, raguwa ma ta yi. Na yi hamdala. Sannan na yi istigfari.

Juma'a, 22 ga Rajab

Mutum goma sha ɗaya sun koma Tsafe, ba sallama. A cikinsu akwai wani dattijo mutumin Bilbis mai suna Tambaya, da 'ya'yansa biyu. An sa uban a layin marasa ƙarfi, 'ya'yan a na ƙarfafa. Jatau ya ce da can suna gefensa hagu da dama, in kwando ya cika da yawa sai ɗaya ya tare shi kafin ya iso hannun tsohon, ba wanda ya taɓa lura. Yanzu an tsayar da shi a fili kowa yana kallo.

Rabi maƙwabciyata ta leƙo aron rariya. Ta ce a kasuwa ana cewa agogon nan ƙarfin mutane yake sha. Ta kira ni uwar mai agogo, tana dariya. Na ba ta rariyar.

Alhamis, 28 ga Rajab, Bungudu

Mun zo suna gidan Jatau, ni da Luba.

Da hantsi aka kafa turmi don furar taro. Luba ta kama taɓarya, da matar Jatau, da wata baƙuwa da aka auro daga wajen Tsafe, ƙatuwa, damtsenta ya yi biyun nawa. Kowa ya ce yanzu gero zai ga ta kansa. Ba a yi lugude goma ba taɓare suka gwabzu, gero ya watse. Aka sake, aka sake gwabzawa. Baƙuwar ba ta yi laifi ba, dakan garinsu ya fi namu sauri da ɗan kaɗan, kuma ba ta san inda matar Jatau take jan numfashi ba.

Sai Gwaggo Saude ta taso, wadda ko tulu ba ta iya ɗagawa yanzu. Ta ce, "Ba ni nan, 'yar nan, je ki huta." Ta ɗauko waƙar daka, su biyun suka amsa. Taɓaryarta da ƙyar take taɓa gero, amma ita ke faɗa wa sauran lokacin sauka. Kafin rana ta take an gama turmi huɗu.

Ina zaune da ƙwarya a cinya sai na ga ramin ƙasar nan da ban taɓa zuwa ba, na ga inda aikin ɗana ya karkace.

Lahadi, 1 ga Sha'aban

Mun dawo. Ban gaya masa abin da na gano ba.

Laraba, 4 ga Sha'aban

Ya rame. Rigarsa tana rataye a kafaɗa kamar a jikin ƙusa. Yana gaishe ni daga bakin ƙofa kamar kullum, in amsa ina kallon murhu kamar kullum. Baturen ya ce masa kada ya ji tsoro, gwajin da ya ƙi ma ilimi ne, amma Ikko sai wanda ya gano dalili. Luba ce ta jiyo.

Uwa ba ta zaunar da ɗan fari ta yi masa bayani. Haka na taso na gani. Kakarsa ce ta raine shi har ya shekara bakwai, ko goya shi ban yi a gaban mutane ba. Wa zai zarge ni in na yi shiru?

Asabar, 7 ga Sha'aban

Ba kunya ba ce kaɗai. Na rubuta don in gani da idona. In na yi shiru mako uku, yana nan Gusau, ina jin tarinsa ta katanga.

Litinin, 9 ga Sha'aban

Yau akushinsa ya dawo kamar yadda aka kai. Na ɗaga faifai na ga tuwon ko yatsa bai shiga ba.

Na yanki takarda. Sau uku ina ɓatawa. Ga abin da ya tsaya:

"Turmi ɗaya ba ya son masu ƙarfi uku. Yana son uku da suka san numfashin juna. Mai waƙa ba zaman banza take ba, ita ke riƙe da lokaci. A mayar da kowa kusa da nasa. A je a ba tsohon Bilbis haƙuri."

Ban sa suna ba, nawa ko nasa. Na naɗe, na sa a ƙarƙashin faifan tuwon rana, na ba Luba.

Talata, 10 ga Sha'aban

Da safe ya tsaya tsakar gida, ni ina ɗaki, labule a sake. Ya ɗaga murya fiye da yadda ake bukata.

"Luba, wanda ya rubuta takardar jiya, ki tambaye shi: in mai waƙar ta gaji fa?"

Luba tana tsaye a tsakaninmu da tsintsiya, tana danne dariya. Na ce, "Luba, ki ce masa ba ta gajiya kafin masu daka. In ta sassauta, ta ji numfashinsu ya canza ne. A nan ake hutawa."

Na ji ƙarar fensir. Ya sa ta tambaye ni turmi nawa ake yi kafin hutu, da wa ke zaɓar wadda za ta tsaya kusa da wa, da abin da ake yi da baƙuwa. Na ce baƙuwa a sa ta tankaɗe kwana biyu tana saurare, sannan a ba ta taɓarya. Mun fi sa'a guda a haka. Luba ta ce wuyanta ya gaji da juyawa, a nemi wani ɗan aike.

Tunda aka haife shi ba mu taɓa magana mai tsawon wannan ba. In magana ce.

Juma'a, 13 ga Sha'aban

Sun tafi Tsafe shi da Jatau, da goro. Daga can Bilbis.

Litinin, 16 ga Sha'aban

Tambaya ya dawo da 'ya'yansa da mutum shida. Jatau ya ce yaron ya cire takalmi ya durƙusa a zauren tsohon, bai buɗe littafi ba ko sau ɗaya. Sabiru kuwa sai da aka je masa sau biyu. Ya ce gangarsa ta yi fushi, ba shi ba.

Laraba, 25 ga Sha'aban

Layukan gari sun koma. Agogon yana nan, amma yanzu gangar yake aunawa: yaushe take sauri, yaushe take sassautawa, kwando nawa ke wucewa a tsakani. Ya sa hutu a daidai inda Sabiru ke sassautawa. Jatau ya ce ƙasa ta wuce ta da, ba kuma wanda ya kwanta ciwon baya a makon nan. Ya ƙara da cewa shi dai har yanzu bai yarda shi tsaka-tsaki ba ne.

Lahadi, 29 ga Sha'aban

Baturen ya zo zaure da kansa. Ban fita ba. Warin lofensa ya shigo har madafa. Za su tafi bayan salla da mako guda.

An aiko Luba ta tambaye ni ko a sa sunana a takardar da za a kai Ikko, wai asalin maganar tawa ce. Na ce a sa na Gwaggo Saude.

An ga wata.

Alhamis, 11 ga Ramadan

Ina ɗinka masa jakar guzuri. Ba abin rubutawa.

Laraba, 8 ga Shawwal

Ya tafi da hantsi. Ya durƙusa a bakin ƙofa, na ce Allah ya tsare, ina kallon murhu. Bayan fitarsu na ga ya bar wa Luba damin takarda fara da ambulan goma sha biyu. Ya ce ta gaya wa wanda ya rubuta waccan takardar, akwai sauran tambayoyi, kuma gidan waya ba sa karɓar wasiƙa sai da sunan wanda aka aika wa a baya.

Luba ta ce ita za ta riƙa rubuta bayan. Na ce to.

Alhamis, 9 ga Shawwal

Luba ta tafi gidan Rabi. Dakan safe turmi uku muka yi kafin hutu, na ƙirga, ko zai tambaya.

Yarinyar nan aure za ta yi wata rana, ba kullum za ta kasance ba. Saboda haka kawai na ce bari in gwada a nan, inda ba mai gani, ko hannuna zai iya.

Hamidu.

Ya ɗan karkace. Tawadar ce ta yi ruwa.

Hamidu.